Yadda Ake Hora Ɗan Kwikwiyo Ya Daina Ɓata Tsakar Gida

Kwana biyu ko uku da kawo ɗan kwikwiyo, ƙorafi yake fara fitowa daga cikin gida: ya yi kashi a gindin murhu, ya jiƙa tabarmar zaure, ya tsuguna dab da shanyar gero. Daga nan sai tsawa, sai bulala, wani ma a kai shi bayan gari a yar. Abin tausayi ne, domin karen da aka ɗauko don gadi ko rakiyar garke ko farauta yana iya sanin wurin bahayarsa cikin 'yan makonni, in mutanen gidan sun riƙe abu biyu. Cikin kwikwiyo yana da lokutan da yake motsawa, kuma ana iya sanin su tun kafin su zo. Wuri kuma hanci da ƙafa ne suke zaɓa masa: inda ya jiyo warin fitsarinsa na jiya, tafin ƙafarsa kuma ya ji irin ƙasar da ya saba, nan zai tsuguna.

Abin da jikinsa zai iya

A makonni 3 na farko kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe masa ciki da gindi. Tsakanin mako na 3 da na 4 yake fara rarrafowa daga makwanci ya yi a gefe, don kare tun asali ba ya son ɓata inda yake kwana. Wajen mako na 8 yake kama irin ƙasar da zai riƙa nema. Wanda ya tashi a kan rairayi zai nemi rairayi, wanda aka raina a kan siminti ko tsohon buhu zai nemi siminti ko buhu, kuma shi ne wanda zai addabi tabarmi. Saboda haka kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, kuma ranar ɗauko shi a duba inda shi da 'yan'uwansa suke yi. In da hali a ɗebo ɗan rairayin wurin a leda, za a ga amfaninsa a gaba.

Mafitsararsa ƙarama ce, ikon matse ta kuma a hankali yake zuwa. Ma'aunin da ake bi shi ne kusan awa 1 ga kowane wata da ya yi a duniya: ɗan wata 2 awa 2, ɗan wata 3 awa 3. Wannan iyaka ce, ba a jira sai an kai ta. In yana barci yakan ɗan zarce, in yana guje-guje da yara ko rabi ba ya kaiwa. Sai ya kai wata 4 zuwa 6 ake fara sakin jiki da shi. Ɗan mako 9 da ya yi fitsari a ƙofar ɗaki ba taurin kai ya yi ba, an bar shi ne ya wuce abin da zai iya riƙewa.

Makwanci da makewayi

Kafin kwikwiyon ya shigo a tanadi wuri biyu. Na farko makwanci, kuma ƙanƙantarsa ita ce amfaninsa. A yi shi daidai yadda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa; ga ɗan wata 2 irin namu na gida, kamu ɗaya da rabi a kamu ɗaya ya isa, a riƙa ƙarawa yana girma. In ya yi faɗi, zai kwana a kusurwa ɗaya ya mai da ɗayar masai, horo ya lalace tun daga tushe. Ana iya jera bulo, ko a gyara tsohon akurki a wanke shi tas saboda ƙuma, ko a kewaye da kara a yi 'yar ƙofa. A guji rabin duro da kwanon rufi mai ƙasa-ƙasa, don a bazara zafin ciki zai iya kashe shi cikin ɗan lokaci. A sa shi a inuwa, inda yake jin motsin mutane. Wanda aka jefa can ƙuryar da ba kowa, kuka zai yi ta yi har a kasa bambance kukan kaɗaici da na matsuwa.

Kada a ɗaure ɗan ƙaramin kwikwiyo a turke da igiya mai zarge ko waya. Banda haɗarin shaƙewa, wanda ya wuni a ɗaure dole ya yi kashi inda yake zaune, daga nan ƙyamar ɓata makwanci ta fita daga ransa, alhali ita ce jarin da ake horon da shi. In uzuri ya kama kowa zai fita ya daɗe, kamar ranar kasuwa ko biki, a yi masa kewaye mai ɗan faɗi, taku 3 a taku 2: makwanci da kaskon ruwa a gefe ɗaya, tulin rairayi a ɗaya gefen.

Wuri na biyu shi ne makewayinsa. A zaɓi kusurwa a cikin danga ko katanga, wajen bayan gida, nesa da madafi da randa da rumbu da inda mata suke shanya, kuma ba ta inda ruwan sama yake gangarowa tsakar gida ko rijiya ba. Tsakanin masai da rijiya mita 30 ake so; in filin gidan bai kai haka ba, a kai shi iyakar nisan da za a iya, a tsananta kwashewa. Sai dai kada ya yi wa makwancin nisa: taku 10 zuwa 15 ne abin da ɗan wata 2 zai iya kaiwa bai saki a hanya ba. A share mita 1 a mita 1, a zuba rairayi mai kaurin santimita 10, a tokare gefen da bulo ko itace. A ƙasar jigawa irin ta wajen Gumel, Babura da Maigatari ƙasar kanta tana shanye ruwa, kewayewa kawai za a yi. A ƙasar laka irin ta fadamar Hadejia da Auyo sai an ɗaga wurin da ɓaraguzai a ƙasa, rairayi a sama, in ba haka ba damina na sauka ya zama taɓo, kwikwiyo kuwa ba ya son tsuguno a caɓi, zai koma zaure inda yake a bushe.

A nan ledar nan take aiki: a barbaɗa rairayin da aka ɗebo daga gidan uwarsa a tsakiya. In ba a ɗebo ba, fitsarinsa na farko a ko'ina ya yi, a kwashe ƙasar da ta jiƙe a kai can.

Dalilin da ya sa makewayin zai kasance cikin gida ba a juji ko bakin hanya ba shi ne cuta. Kafin ya gama allurar rigakafi, duk inda karnukan gari suke kashi haɗari ne gare shi.

Abinci ne yake saita lokaci

Wanda ake jefa wa ƙanzo duk lokacin da aka ga dama, kashinsa ma duk lokacin da ya ga dama zai zo. A tsayar masa da lokaci. Daga mako 8 zuwa wata 3 sau 4 a rana, daga wata 3 zuwa 6 sau 3, bayan nan sau 2. A ƙauye ba sai an duba agogo ba, lokutan salla sun wadatar: bayan asuba, da hantsi ya ɗaga, bayan azahar, sai na ƙarshe kafin magariba. A ajiye masa kasko minti 15, abin da ya rage a ɗauke. Kaskonsa nasa ne shi kaɗai, ba ya haɗuwa da kwanukan gida.

Bayan ya ci, hanji yakan motsa tsakanin minti 5 zuwa 30, ƙarami ya fi sauri. Don haka ana ɗauke kasko a nufi makewayi. Sauran lokutan da ba a sakaci da su: da zarar ya farka daga kowane barci, ko na rana ne, bayan ya sha ruwa da yawa, bayan wasa, da kuma daf da kwanciya. Tsakanin waɗannan, ɗan wata 2 a fitar da shi duk awa in yana farke. A makon farko fitar za ta kai sau 10 ko fiye a yini. Da yawa ne, amma makon farko da na biyu ne masu nauyi.

Irin abincin ma yana da hannu. Tuwo zalla ko dusa suna cika ciki su fito da kashi mai yawa, ba su gina jiki. A haɗa da dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, dafaffen wake da aka murƙushe ko guntun nama. Ɗanyar madarar shanu tana sa kwiyakwiyai da yawa zawo, nono mai tsami ko kindirmo kaɗan ya fi musu sauƙi. Miya mai yaji da mai tana tsinka ciki, albasa da tafarnuwa kuma guba ne ga jinin kare. In za a sauya abinci, a riƙa cakuɗa sabon da tsohon kwana 5 zuwa 7. Mai zawo ba ya horuwa, domin abin ba ya ba shi lokacin tafiya.

Fitar kanta

Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin, sauran su bi tsarinsa. Sau da yawa yaro ne mai kwikwiyon, to, a sa babba ya tsaya a kansa, kuma a sanar da uwargida tsarin, tun da ita ce take wuni a tsakar gida, ita za ta fara ganin alama. Alamun su ne: ya bar wasa kwatsam, ya sa hanci a ƙasa yana shinshina, ya fara kewaya wuri ɗaya, ya nufi lungu, ko ya yi 'yar ƙara a bakin makwanci. Daga shinshina zuwa tsuguno daƙiƙa kaɗan ne.

A kwanakin farko, musamman da asuba, a ɗauke shi a hannu har wurin, don in ya taka da kansa zai saki a hanya. Bayan kwana 4 ko 5 a riƙa kiransa ya biyo, ta hanya ɗaya kullum. Idan an isa a sauke shi a kan rairayin, a tsaya shiru. Ba wasa, ba magana, a kori yara da kaji daga wurin. Ya fara tsugunawa, a faɗi kalma ɗaya a hankali, kamar "maza", ko a yi wani fito na daban da ba a kiransa da shi. Kullum ita za a maimaita, har ta zama in ya ji ta ya san abin da ake nufi. Mafarauci da makiyayi za su ji daɗin wannan ranar da za a sa kare a mota ko a kwana da shi a baƙon wuri.

Yana gamawa, nan take a kan rairayin, a yaba masa da murya mai daɗi a miƙa masa lada: guntun dafaffiyar hanta, busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli marar yaji, girman ƙwayar wake. Daƙiƙa 2 ko 3 ne tsakani. In aka bari sai an dawo tsakar gida, shi a ganinsa ladar dawowa aka ba shi, gobe zai yi sauri ya dawo bai gama ba. Kuskure na biyu da ake yawan yi: yana yin fitsari a juya. Kwikwiyo yakan yi fitsari sau biyu, kashi kuma ya biyo baya, don haka a ƙara minti 2 ko 3. In an yi minti 5 bai yi komai ba, a mai da shi makwanci a rufe, ba tsakar gida ba, a sake gwadawa bayan minti 10 zuwa 15. Sakewa a tsakar gida sai bayan ya yi, kuma da ido a kansa.

Dare da yanayi

Ɗan wata 2 ba zai kai asuba ba. A fitar da shi bayan isha'i daf da kwanciya, a tashi sau ɗaya wajen ƙarfe 1 ko 2, sannan da kiran sallar farko. A riƙe tocila saboda kunama da maciji, a yi abin ba surutu, a mai da shi. Duk bayan 'yan kwanaki a ɗan jinkirta tashin daren da minti 15 zuwa 30. Yawanci wajen wata 4 yakan kai asuba.

A hunturu sanyi yana ƙara masa fitsari, ga ƙyuyar fita. A toshe makwancin ta gabas da arewa inda iska take bugowa, a shimfiɗa masa tsumma ko ƙaiƙayi, a ɗauke ruwa awa 2 kafin kwanciya. A bazara kuwa, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kada a kuskura a hana shi ruwa don gudun fitsari, dare ko rana. Gara a ƙara yawan fita. Rairayin ma da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa, in ya ƙone shi sau ɗaya zai ƙi wurin, don haka a yi masa 'yar rumfa da zana. Rumfar za ta yi amfani da damina.

In ya yi a inda bai kamata ba

In an kama shi yana cikin yi, a tafa hannu sau ɗaya don ya dakata, a ɗauke shi a kai rairayi, in ya ƙarasa a can a ba shi ladarsa cikakkiya. In kuwa tarar da abin aka yi, ko da minti 2 ne da yi, babu sauran magana da shi, sai gyaran wuri. Kare ba ya haɗa dukan yanzu da abin da ya yi ɗazu. Maƙalewar da yake yi yana sunkuyar da kai, wadda ake cewa ya san laifinsa, tsoron fuska da muryar mai shi ne.

Duka yana koya masa abu ɗaya: tsuguno a gaban mutum haɗari ne. Sakamakon shi ne ya ƙi yi in an kai shi makewayi ana tsaye a kansa, sannan ya saci jiki ya yi a bayan rumbu, ƙarƙashin gado ko tsakanin buhuna, inda sai wari ya tona. Dangwara masa hanci a cikin kashin ya fi muni, don banda firgici, an shafa masa ƙwan tsutsa a baki, da bakin kuma zai lashi hannun yaro. Karen da ake so ya tsaya a ƙofa da dare bai kamata ya tashi yana tsoron hannun mutanen gidansa ba.

Wanke wuri

A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Ruwa mai tsarki ne yake kawar da ita, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwarara guga na ruwa a kan fitsarin balaraben ƙauyen nan a masallaci. Sai dai wurin da ya tsarkaka har hancin mutum bai jin komai, hancin kare yana iya ji, kuma in ya ji zai dawo. Aiki biyu ke nan: tsarki don ibada, da kashe wari don horo.

A daɓen ƙasa kada a fara da watsa ruwa, zai faɗaɗa wurin ne ya kai warin ƙasa. A sa shebur ko fartanya a kankare duk ƙasar da ta jiƙe har a tarar da busasshiya, a ƙara yatsa biyu ta kowane gefe, sannan a zuba ruwa, in ya tsane a cike da sabuwar ƙasa a daddaɓe. In gindin katangar ƙasa ne, a kankare a sake yaɓe. A kan siminti a fara zuba rairayi ko toka ta tsotse, a share, a wanke da omo gwangwani 1 a ruwa mai ɗumi gwangwani 10, a bar shi minti 10 kafin a goge, sannan a ɗauraye da ruwa zalla sau biyu. A lura da tsagar siminti, nan fitsari yake maƙalewa. In ɗaki mai leda ne a ɗaga ledar, don yakan bi ta gefe ya kwanta a ƙasa.

Tabarmar roba wanki ɗaya ta fita. Ta kaba tana sha, sai an jiƙa ta da ruwan omo, an ɗauraye sosai, ta wuni a rana gaba da baya. In ta tsufa kuma an maimaita a kanta, a haƙura da ita. Katifar soso a danna tsumma a tsotse tukuna, a zuba ruwan omo, a sake tsotsewa sau 3 ko 4, a bi da ruwa zalla, a kai rana kwana 2. Darduma da duk abin salla a rataye su sama tun farko. Hatsi ko garin da abin ya taɓa a shanya, a kwashe wurin da kewayensa a zubar.

Ruwan bilic irin su Hypo da Jik yana kashe ƙwayar cuta a kan siminti, amma kada a zuba shi kai tsaye a kan fitsari: haɗuwarsu tana ta da iska mai ƙona ido da ƙirji, musamman a rufaffen ɗaki. A wanke da omo a ɗauraye tukuna, sannan a zuba bilic ma'auni 1 a ruwa ma'auni 20, a bar shi minti 10, a ɗauraye. A kan ƙasa ba ya aiki. Izal da Dettol suna rufe wari ga mutum, amma suna cutar da kare ko kyanwa in suka taka suka lashe ƙafa, don haka a hana su wurin sai an ɗauraye ya bushe. Bayan an gama, a kife tsohon turmi ko kwando a kan wurin na mako ɗaya. Wata dabarar ita ce a riƙa ba shi abinci a daidai nan na 'yan kwanaki, tun da ba ya son ɓata inda yake ci.

Shi makewayin kansa, a kwashe kashin kullum safe da yamma, a bar ɗan warin fitsari, a sauya rairayin sama duk mako 2. Kwashewar yau da kullum tana da dalili: ƙwan macijin ciki da yake fita a kashin kwikwiyo sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya iya kama mutum, daga nan kuma yana iya shekaru da ransa, yaran da suke rarrafe suna kai ƙasa baki su ne abin ji. Wata tsutsar kuma ta fatar ƙafa take shiga, don haka ba a zuwa wurin ba takalmi. A zuba kashin a masai ko a binne a rami mai zurfin rabin mita. Kada a haɗa shi da takin da za a kai lambun salak, kabeji ko tumatir, kada kuma a watsa a juji inda awaki da tumaki suke kiwo: akwai tsutsar kare da ƙwanta yake zama ƙullutun ruwa a ƙwaƙwalwar tunkiya, a ga tana ta kewaya wuri ɗaya. Karen yana ɗaukarta ne in ya ci ɗanyen kan dabba mai ita, kamar yadda yake ɗaukar wata daga hanta ko huhu mai ƙullutu. A kiyaye wannan da Babbar Salla, lokacin da ake jefa wa karnuka duk abin da aka ƙi; kitse da ɗanyen kayan ciki a ranakun nan sukan rushe horon wata guda da zawo. Al'adar barin kare ya cinye kashin yara ma a daina ta, a zubar da fo a masai nan take. A wanke hannu da sabulu bayan kowace kwashewa.

Lokacin da matsalar ba ta horo ba ce

Wani kwikwiyon in maigida ya dawo ya tsaya a kansa, sai ya kwanta ya buɗe ciki ya saki fitsari. Wannan na tsoro ne da ladabi, tsawa tana ƙara shi. A daina tunkararsa daga sama, a durƙusa a gefe, a bar shi ya zo da kansa. Wani kuma murna ce take sa shi ɗiga in yara sun dawo daga makaranta. A ce musu su ƙyale shi sai ya natsu, gaisuwar ta kasance a waje. Duka biyun sukan wuce da girma. Namiji daga wata 6 zuwa sama yakan fara ɗaga ƙafa yana ɗiga kaɗan-kaɗan a jikin buhu, tayar babur ko ƙofar zaure. Shaida yake sawa, ba matsuwa ba ce. A wanke wurin kamar yadda aka faɗa, a hana shi kaiwa ga ɗakin ajiya; fiɗiya a hannun likitan dabbobi tana rage abin ga da yawansu. Karya ma in ta fara neman barbara fitsarinta yakan ƙaru na 'yan makonni.

Wanda ya riga ya koya sannan ya koma ɓatawa ba dalili, a fara zargin ciwo. Tsuguno a kai a kai da ɗigo kaɗan, yunƙuri ko jini alamar ciwon mafitsara ne. Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi tare da kasala da farin dasashi, a jikin da yake da kaska, yana nuna cutar jini da kaska take sawa, ba ta jira. Ƙaton ciki, gashi a hargitse da kashi mai laushi kuwa yawanci tsutsa ce, kuma kwiyakwiyai da yawa da ita ake haifarsu, ko su sha ta a nono. Ana ba da maganin tun daga mako 2 da haihuwa, duk bayan mako 2 har mako 12, sannan duk wata har wata 6. Cikin magungunan tsutsar, pirantel miligiram 5 ne ga kowane kilo 1 na nauyinsa, fenbendazol kuma miligiram 50 ga kilo, kwana 3 a jere. A sa kwikwiyon a jaka a rataya a sikeli, kada a yi kirdado. A kasuwannin dabbobi irin su Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis ana samun magungunan shanu birjik, to, ƙaton ƙwayar albendazol ta shanu da allurar Ivomec an yi su ne don dabba mai ɗaruruwan kilo, gutsura wa kwikwiyo da ido yana iya kashe shi. Farasitamol da ibufurofen na mutane ma haka.

Mafi haɗari shi ne amai da zawo mai jini da mugun ƙarni, kwikwiyo ya ƙi ci ya kwanta lakwas. Wannan yakan zama cutar da likitoci suke kira fabo, tana iya kashewa cikin kwana 2 ko 3 saboda bushewar jiki, don haka ranar da aka gani ranar za a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a kai shi asibitin dabbobi irin na Gwale a Kano. Ƙwayarta tana watanni a cikin ƙasa, har ta kai shekara a inuwa. In ta shiga gida a kwashe rairayin makewayi duka a binne, a ƙona shimfiɗa, a wanke kasko da siminti da bilic, kuma kada a kawo wani kwikwiyon da bai gama rigakafi ba. Allurarta sau 3 ce: mako 6 zuwa 8, mako 10 zuwa 12, da mako 14 zuwa 16. A wannan zuwan a yi masa ta haukan kare in ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar haukan karen a nan gida.

In ya yi mako 4 cur bai ɓata ko'ina ba, a fara ƙara masa fili kaɗan-kaɗan: gefen tsakar gida tukuna, sannan duka, zaure a ƙarshe. Ladar abinci a rage ta zuwa jefi-jefi, yabon baki ya ci gaba. In ya yi kuskure sau 2 a mako ɗaya, an yi gaggawa, a koma matakin baya na kwana 7. In ana son daga baya ya riƙa fita bayan danga, sai bayan mako 2 da allurar ƙarshe, a riƙa matsar da rairayin taku 1 ko 2 a rana har a kai inda ake so. Sauyin wuri kuwa, kamar komawa bukkar gona da kaka ko tashi da garke, yana mai da shi baƙo: a ɗebi rairayin tsohon makewayi cikin leda, a zuba a kusurwar da aka zaɓa tun ranar sauka, a bi jadawalin makon farko na kwana 3 ko 4.